Kuɗin tsallake layin shiga jirgi: Riba ce ko burga?

In kana yawan leƙa TikTok da Instagram, ka san yayin da ake yi yanzu: matashi ya ɗauki hoton tikitinsa a filin jirgi, ya nuna tambarin da ke cewa yana cikin waɗanda za su riga kowa shiga. Masu sharhi su yi ta cewa "an gaishe da manya". To kafin kai ma ka ƙara kuɗi kan tikitin Umara ko na tafiya karatu, tsaya mu duba abin da ake sayar maka.

Wannan ciniki daga Turai da Amurka ya samo asali. A 2008 kamfanin American Airlines ya fara karɓar dala 15 kan jakar farko da fasinja zai bayar a saka a ɗakin kaya, sauran manyan kamfanonin ƙasar suka bi sahu. Da mutane suka ga haka, sai kowa ya koma shiga da jakarsa a hannu. Ma'ajiyar da ke saman kujeru kuwa ba ta isar kowa, wanda ya makara sai a karɓe jakarsa a kai ƙasa. Daga nan riga shiga ya zama haja. Ryanair na ƙasar Ayalan ma haɗe abin biyu yake sayarwa: ka biya, ka shiga da wuri, a kuma bar ka da ƙarin jaka. Ka ga kenan wurin ajiye kaya Bature yake saye.

Mu dawo gida. A yawancin jiragenmu na cikin ƙasa, kuɗin tikiti ya riga ya ƙunshi wasu kilo na kaya, lambar kujerarka kuma tana rubuce a takardar shiga. Ko kai ne na ƙarshe a layi, kujerarka tana nan. A filaye da yawa ma ƙafa ake takawa zuwa gindin jirgi, ko a kwashi mutane a bas. Wanda ya riga shiga bas shi ne yake ƙuryar ciki, sau da yawa shi ne ƙarshen fita. Jirgin kuma ba zai tashi ba sai an rufe ƙofa bayan mutum na ƙarshe. Iyakar abin da ka samu shi ne ƙarin zama a matse kana kallon mutane suna wucewa.

Akwai inda biyan yake da ma'ana, gaskiya. Idan jirgin ba ya raba lambar kujera, kuma kana tare da Hajiya ko ƙannenka kuna son zama wuri ɗaya. Ko kana ɗauke da kwamfuta da kyamara da ba ka yarda su rabu da kai ba, a jirgin waje mai cunkoso. Amma tsofaffi da masu buƙata ta musamman da masu ƙananan yara, galibi kyauta ake fara kiransu, magana kawai za ka yi wa ma'aikata.

Ɗan Yankara ai ya san wannan lissafi tun kafin ya ga jirgi. A tasha akwai mai biyan kuɗin mutum biyu don ya zauna gidan gaba shi kaɗai. Wannan jin daɗi ya saya, motar dai lokaci ɗaya za ta kai kowa Funtua. Akwai kuma ranar da la'asar ta yi, saura mutum ɗaya mota ta cika, fasinjoji su haɗa kuɗin gurbin su ba ɗan kamasho don direba ya tashi. Duk mai bin hanyar Funtua zuwa Gusau, ta Sheme da Yankara da Tsafe, ya san abin da ya sa ba a son duhu ya riski mutum a kanta a shekarun nan na 'yan bindiga. Haka mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Wannan ƙarin kuɗi yana canja lokacin tashin motar, wani sa'in shi ne tsakaninka da kwana a daji. Na layin jirgi kuwa ba ya matsar da tashi ko da minti ɗaya.

Kar ka manta kuma, kafin ka ga filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, sai ka fara shafe sa'o'i a mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024. In har kana da rarar da za ka ƙara, zuba ta a nan: ka fita da sassafe, ka kwana a garin da jirgin zai tashi maimakon tafiyar dare, ko ka sayi tikitin da za a iya sauya masa rana in hanya ta ƙi.

Don haka duk lokacin da manhajar sayen tikiti ta nuno maka wannan tayi, ka tambayi kanka: in ban biya ba, me zan rasa? Kujera, ko wurin jaka, ko lokaci? In amsar ita ce hoton da za ka ɗora a shafinka, wallahi bar kuɗinka a aljihu, ka zauna ka caja wayarka har layi ya rage.