Diogo Costa, mai tsaron gidan da Portigal ta ƙi yarwa

Ranar 10 ga watan Disamba na shekara ta 2022, a birnin Doha na ƙasar Katar, Maroko ta ci Portigal ɗaya ba ko ɗaya, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya. Afirka ta kwana tana murna. A Portigal kuwa, mutum guda aka fi ɗora wa laifi, watau mai tsaron gida Diogo Costa, wanda ya baro raga zai cafe ƙwallon da aka kwaso daga hagu, bai kai gare ta ba, Yusuf En-Nesyri ya yi tsalle ya riga shi, ya sa mata kai.

Ba shi ne tuntuɓensa na farko a gasar ba. Mako biyu kafin nan, a wasansu da Gana, ana dab da tashi, ya ajiye ƙwallo ƙasa bai san Iñaki Williams na laɓe a bayansa ba. Ba domin Williams ya zame ba, da mai yiwuwa an tashi uku da uku.

Shekarunsa 23 a lokacin. An haife shi a 1999 a garin Rothrist na ƙasar Suwis, inda ƴan Portigal da yawa ke zaman neman abinci. Yana yaro aka komo da shi gida, ya shiga ƙungiyar Porto a 2011, sa'an nan a 2021 aka damƙa masa ragarta. Mai horar da ƙungiyar ƙasa, Fernando Santos, ya fifita shi a kan Rui Patrício, dattijon da ya tsare raga sa'ad da Portigal ta ci kofin Turai a 2016.

Bayan Katar, Santos ya sauka, Roberto Martínez ɗan Ispaniya ya gaje shi a Janairun 2023. Abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya koma ga Patrício, ya huta da surutu. Bai yi haka ba, kuma yana da hujja. A watan Oktoban 2022 kaɗai, Costa ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida a wasa uku a jere na gasar zakarun Turai. Sa'an nan irin kuskuren da ya yi a Doha, na rashin auna lokacin fita ne, ciwon da ba ya warkewa bisa benci. Sai an yi ta fita ana koyo. Ɗan gaba yakan ɓarar da ƙwallo biyar ya ci ta shida a manta. Mai tsaron gida ba shi da wannan gata, sai in shugabansa ya tsaya masa.

Ranar 1 ga Yulin 2024, a Frankfurt, haƙurin ya biya. Portigal da Sloveniya sun yi minti 120 babu ci, Ronaldo ma ya ɓarar da bugun da aka ba shi har ya yi kuka. Ana saura minti kaɗan, Benjamin Šeško ya tsere shi kaɗai, Costa ya miƙa ƙafa ya tare. Da aka zo bugun raba gardama, ya tare uku a jere, abin da ba wanda ya taɓa yi a tarihin kofin Turai.

Amma fa ba sihiri ba ne. Kwana huɗu bayan haka, a Hamburg, Faransawa suka buga masa biyar, bai tare ko ɗaya ba, Portigal ta fita. Martínez bai canza shi ba a wannan karon ma. Ranar 8 ga Yunin 2025, a Munich, wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai tsakanin Portigal da Ispaniya ya ƙare biyu da biyu. Costa ya tare bugun Álvaro Morata, Portigal ta ɗauki kofi da ci biyar da uku.