Sirrin 'Ya'yanmu A Makarantu: Kada Mu Ƙara Dangwala Yatsa A Makance!

Ya ku iyaye maza da mata na al'ummar Hausawa mazauna Kudu. Akwai wata magana da muka daɗe muna yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa tana iya bin yaro tun daga firamare har ya gama sakandare. Maganar ita ce ta bayanan da makarantu ke tattarawa a kan 'ya'yanmu da gidajenmu idan aka ce yaro ba ya gane karatu, aka tura shi wurin malamin ba da shawara ko masanin halayyar yara.

Duk wanda ke da ɗa a makarantar boko, daga Sabon Ibadan zuwa Agege, Idi-Araba, Shagamu, Onicha ko Fatakwal, ya san yadda abin yake. A aiko da fom cike da Turanci, a ce uba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A ciki ana tambayar ƙabila, addini, jihar asali, sana'ar uba, yawan matansa, yawan masu kwana a ɗaki guda, ko akwai mai farfaɗiya ko taɓin hankali a dangi. Daga nan a yi wa yaro gwaji, a rubuta rahoto, a buɗe masa fayil. Tambayarmu ita ce: wa ke riƙe da fayil ɗin nan? Wa ke karanta shi? Shekara nawa zai yi a ajiye? Uba nawa ne a cikinmu ya taɓa ganin abin da aka rubuta a kan ɗansa?

Kada wani ya yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce aikin waɗannan masana ba shi da amfani ba. Yaro da yawa da ake kira daƙiƙi, ashe kunne ne ba ya ji sosai, ko ido ne ba ya gani daga bayan aji, ko kuwa haruffa ne ke rikice masa, kuma masani ne zai gano haka. Uban da ya hana a duba ɗansa don gudun abin kunya, ya cuci ɗan. Abin da muke faɗa da shi shi ne a karɓi sirrin gida da sunan taimako, sannan ya zama abin hira a ofishin malamai, ko a ɗauki hoton rahoton a jefa a zauren WhatsApp, ko a bar fayil a kan tebur kowa ya buɗe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mu da muke zaune a ƙasar da ba a yin harshenmu, haɗarin ya fi yawa a kanmu. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya tsinci Yarbanci ko Ibo a titi, sai a zaunar da shi a yi masa gwajin basira da Turanci. In ya yi shiru, me aka auna: ƙwaƙwalwarsa ko Turancinsa? Irin wannan kuskure ya taɓa kai wata gwamnati gaban kotu. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a 1970, iyayen wasu yara masu magana da Sifaniyanci sun kai ƙara saboda an sa 'ya'yansu a ajin masu raunin ƙwaƙwalwa bisa gwajin da aka yi da Turanci. Da aka sake gwada su da harshensu, yawancinsu sun fita daga wannan sahu, kuma aka daidaita a kan cewa dole a riƙa gwada yaro da harshen gidansu. To idan rahoton kuskure irin wannan ya shiga fayil ɗin ɗanka, ya bi shi daga aji zuwa aji, kowane sabon malami zai yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba.

Masu makarantu za su ce ai doka ta ba su dama. To bari mu duba dokar. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa da na gidansa, bai ware ɗan asalin jiha ya bar baƙo ba. Sashe na 42 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa ko inda ya fito. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sa lafiyar mutum, ƙabilarsa da addininsa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Ta ce kada a karɓi abin da ya wuce buƙata, kada a yi amfani da shi a wata hanya da ta saɓa wa dalilin karɓarsa, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata. Ta ce yin shiru ba yarda ba ne.

Gaskiya ne sashe na 31, wanda ya wajabta neman iznin iyaye kafin a taɓa bayanan yaro, ya yi sassauci a kan aikin ilmi, lafiya da jin daɗin jama'a. Amma da sharaɗi: sai aikin yana hannun ƙwararren da riƙe sirri ya rataya a wuyansa. Ke nan wanda ya kwance bakin jaka ya watsa sirrin yaro, ya rushe hujjar da ya fake da ita da kansa. Sashe na 34 kuma ya ba da haƙƙin a nemi ganin bayanan, a gyara kuskure, a goge abin da babu sauran dalilin ajiye shi. Wanda aka zalunta yana iya kai kuka ga hukumar, yana kuma iya zuwa kotu.

Sai dai doka a takarda ba ta tashi ta kare wanda ya naɗe hannu. A nan laifinmu ne mu iyaye. Uban da ba zai sayi saniya a kara ba sai ya duba haƙoranta, shi ne zai sa hannu a takardar da ta shafi rayuwar ɗansa ba tare da an karanta masa ba, wai don kada a ce Bahaushe ya cika rigima. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma zama lafiya da masu masauki bai ce mu sarayar da haƙƙinmu ba.

Don haka daga yau, in an kawo fom, a nemi wanda zai fassara shi layi-layi kafin a sa hannu. A tambayi wanda zai ga rahoton, da inda za a ajiye shi, da ranar da za a lalata shi. Tambayar da ba ta da alaƙa da karatun yaro, a nemi dalilinta. A dage a yi gwajin da mai jin Hausa a wurin, ko a rubuta a rahoton cewa Turanci ba harshen gidan yaron ba ne. A karɓi kwafe a adana a gida. Idan yaro zai canza makaranta, a san abin da zai bi shi. Iyaye mata, ku aka fi kira a yi wa tambayoyi, kuna da ikon cewa sai kun yi shawara tukuna.

Muna kuma kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu su ware matasa masu ilmi da za su riƙa raka iyaye makaranta, mu kuma daina ƙaurace wa taron iyaye da malamai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fayil ma tun ranar da aka buɗe shi ake gyara shi, ba sai ya tsufa a kabad ba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya rufa mana asiri, amin.