Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kaduna: In Ƙurar Nukiliya Ta Taso, Wa Zai Faɗa Mana Abin Yi?

Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,



Daga Nasarawan Doya ta ƙaramar hukumar Makarfi nake rubuto maka, kuma na san da ka ga kan maganar za ka ce tsohon nan ya rasa abin yi. Ga tsadar taki, ga ɓarayin daji, ga yara ba aikin yi, shi kuma sai zancen makamin ƙare-dangi? Ka daure ka kai ƙarshe, ranka ya daɗe. Na daɗe ina riƙe da alli kafin in koma gonar rake, na saba da a yi mini dariya kafin a gane karatu.

A watan Yunin 2025, da gari ya waye da labarin Amurka ta yi wa tashoshin nukiliyar Iran na Fordo da Natanz da Isfahan ruwan bama-bamai, teburin mai shayinmu ya cika maƙil, kowa kunnensa na jikin rediyo. Wata guda kafin nan Indiya da Pakistan, kowacce da nata makamin a ajiye, sun kwana huɗu suna ɓarin wuta. Sai wani yaro ɗan acaɓa ya ajiye kofinsa ya ce, "To malam, in abin nan ya tashi iska ta kwaso mana shi, me ake yi?" Wani ya ce daji za a nausa. Wani ya ce a shige cikin rake a fadama. Wani dattijo ya ce a ɗura wa yara manja, na kusa da shi ya ce a'a, nono ne maganin guba. Muna wajen mu goma sha biyu, har da mai digiri a cikinmu, amma ba a sami mutum ɗaya da ya san cewa fita waje shi ne kuskuren farko ba.

Ban ga laifinsu ba. Wa ya taɓa faɗa musu?

Na san babu mai ɓata makaminsa a kan Nasarawan Doya. To amma iska ba ta neman biza, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin haka, tunda duk hunturu ƙurar Sahara har cikin kwanon tuwonmu take sauka. Wannan fargaba ma ba yau ta fara ba. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Sai a 2014 jama'a suka ga taswirar da sojojin Faransa suka ɓoye, wadda ta nuna ƙurar ta kai N'Djamena, ta kai Bamako, cikin kwana 13 har ta taɓa kudancin Turai. Mu da ke tsakanin Chadi da Mali, ta ina ta tsallake mu? Da Faransa ta sake gwaji na uku a ƙarshen Disamban wannan shekara, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ko wata huɗu ba ta yi da karɓar mulkin kai ba, ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragensu na sama da na ruwa shigowa Nijeriya. A 1964 kuma aka kafa sashen auna tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan. Jaririyar ƙasa ke nan, ba kuɗin fetur, ba intanet, amma ta ɗauki ran talakanta da daraja. Yau shekara sittin da ɗoriya, muna da hukumomi kamar jamfa a Jos, amma jikan mutumin da aka kori jakada dominsa yana shawarar ɗura wa ɗansa manja.

Ranka ya daɗe, kai mutum ne mai sauraro, wannan ko maƙiyinka ya sani. Mun ga yadda kasuwar Birnin Gwari ta sake ci bayan shekaru tana rufe, mun kuma ga takin da aka raba wa manoma. Shi ya sa shirun nan ya fi ci mini rai. Abin da nake nema ko kuɗin gyaran kwalbati ɗaya bai kai ba. Magana ce kawai, da Hausa, daga bakin hukuma.

Maganar kuwa gajera ce. In aka ce ƙurar nukiliya na tafe, a shige ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi, a zauna aƙalla kwana ɗaya cur ana sauraron rediyo. Ƙarfin gubar da ke biyo bayan fashewar bom yana saurin faɗuwa: bayan awa 7 yakan koma kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu kashi ɗaya cikin ɗari. Wanda ya yi haƙurin zama ya tsira daga mafi munin abin, wanda ya fita gudu shi ya yi wanka da shi. Kauri shi ke tare tururin, saboda haka tsohon soron ƙasa mai azara da muke rushewa don mu yi na zamani ya fi ɗakin kwano kariya nesa ba kusa ba. Wanda ƙurar ta riska a waje ya tuɓe rigarsa ta sama a ƙofa, ya ƙulle ta a leda, wannan kaɗai na iya raba shi da kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ya kwaso, sannan ya yi wanka da sabulu. A rufe bakin rijiya, a rufe randa, a kwashe shanya, a kora dabbobi ƙarƙashin rufi. Hatsin da ke cikin rumbu mai murfi lafiyarsa ƙalau. Masarar da aka baza a bakin titi da barkonon da ke kan rufi su ne abin tsoro.

Nonon da na kusa da dattijon nan ya kira magani kuwa, ta nan gubar ta fi bi. Ƙurar ta sauka kan ciyawa, saniya ta ci, a tatsa, yaro ya sha, ta je ta taru a wuyansa, daidai inda maƙoƙo ke fitowa. Haka aka yi bayan hatsarin Chernobyl na 1986, inda daga baya aka ƙirga mutum fiye da 6,000 da suka kamu da sankarar wannan wuri, waɗanda suna yara lokacin da abin ya faru. Mu da fura da nono ne abincin ranarmu, wa ya faɗa wa matan rugagen da ke kewaye da mu? Wa ya faɗa wa mai tumatir a Ikara, da mai lambu a Hunƙuyi, da mai dafa mazarƙwaila a fili a Makarfi? Duk abin da na zayyana bai cika takarda ɗaya ba. Minti biyar ya ishi mai karanta sanarwa a rediyo. To me ya hana?

Kada a ce mini babu masana. Ga su nan a Zariya, a bakin ƙofarmu. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike, ita kaɗai ce a faɗin Nijeriya, tana aiki tun 2004. Ƙarama ce, ba ta ƙera makami, kuma a 2018 an kwashe tataccen yuraniyam ɗin da ke cikinta an mayar Sin, an sa mata marar ƙarfi. Ban kawo ta don tsoratarwa ba. Na kawo ta ne don a san cewa mutanen da suka fi kowa sanin wannan ilimi a ƙasar nan suna jiharka, da yawansu da Hausa suke sayen kayan miya a kasuwar Samaru. Ga Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa tana aiki tun 2001, ga hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999, ga hukumar agajin gaggawa ta jiha a ƙarƙashinka. Wa zai tara su a ɗaki ɗaya ya ce su rubuta wa talaka shafi guda, in ba kai ba?

Ni da kaina na taɓa wanke ƙafa na je wani ofis, na tambayi ko suna da wata 'yar takarda kan wannan batu da zan karanta wa mutanenmu. Wanda na tarar ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ka je ka yi ta addu'a." Addu'a kam muna yi, tun kafin a haife shi. Amma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya ga yunwa tafe rumbu ya sa aka cika, shekara bakwai ana tarawa, kuma babu wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

In kana ganin rashin sani ba ya kisa, tuna Ikeja. Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makaman barikin soja ya kama da wuta, mutum fiye da 1,000 suka mutu, yawancinsu kuma wuta ba ta taɓa su ba. Gudu suka yi cikin ruɗani suka afka magudanar ruwa ta Oke-Afa, da mata da ƙananan yara. Tuna kuma daren nan na Agustan 2014, lokacin Ebola, da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wane gida ne bai ɗora tukunya ba? An kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa ransu. A lokacin ma WhatsApp bai kai ƙauye ba. Duk inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke hawa mumbari.

Ƙasar Suwidin ta aika wa kowane gida ɗan littafin abin yi in yaƙi ya zo, a 2018, ta sake a 2024. Tarayyar Turai a 2025 ta shawarci mutanenta su riƙa ajiye guzurin kwana uku. Su da ke da asibitoci da gidajen ƙarƙashin ƙasa ba su ji kunyar faɗa ba. Mu da ba mu da komai sai kunnuwanmu, su ma an bar su ba a zuba musu komai ba.

Sauran buƙatun zan jera su kawai. A tanadi hanyar sanarwar gaggawa da za ta bi ta rediyo da saƙon waya da hakimai da dagatai da lasifikan masallatai da coci-coci. A tabbatar lambar 112 tana shiga daga ƙauye. A horar da ma'aikatan asibitocin Makarfi da Ikara da Hunƙuyi, a ba su na'urar awo ko guda ɗaya ce. A koya wa 'yan gwangwan alamar nan ta haɗarin tururin nukiliya mai fukafukai uku, domin a garin Goiania na Brazil a 1987 'yan jari-bola ne suka fasa tsohuwar na'urar asibiti, mutum huɗu suka mutu, aka auna fiye da 100,000. A taimaka wa unguwanni da murafen rijiya.

Sai rumbun tsimi. Ko ƙura ba ta iso mu ba, yunwa za ta iso. Yaƙin Rasha da Yukren bai jefo mana ko tsakuwa ba, amma kowane manomi a nan ya ji shi a kuɗin buhun taki. Binciken da masanan Jami'ar Rutgers ta Amurka suka jagoranta a 2022 ya yi ƙiyasin cewa yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai na iya tura hayaƙin da zai dusashe rana, amfanin gona ya karye, yunwa ta kashe mutum har biliyan biyu. A 2024 da tsada ta yi tsada, tan 42,000 na hatsi Gwamnatin Tarayya ta ce a fitar. Raba shi ga mutum fiye da miliyan 200, ko kwatan tiya ba mai samu. Jihar da ke kan gaba a noman masara bai kamata ta zauna jiran wannan ba.

Ranka ya daɗe, mun gaji da ihu bayan hari. Mun san yadda ake yi: a zo da jerin gwanon motoci, a sauke buhunan shinkafa da tabarmi, a yi ta'aziyya, a ɗauki hoto. Wannan masifa in ta zo ba ta barin wanda zai karɓi tabarma. Mulki kuma mai ƙarewa ne, akwai ranar da za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo, ranar da babu mai taimaka wa gwamna kan yaɗa labarai. Ba na so a tambaye ka game da mu ka rasa amsa, don ina ganin girmanka.

Ni dai na yi nawa. Na sa kafinta ya yi wa rijiyar gidana murfi, na hana yara rushe soron mahaifina, na sayi batir na ajiye kusa da rediyo. Amma maganata ta tsohon malami ce, in na faɗa sai a ce boko ya taɓa shi. Ka sa a rubuto takardar nan da hatimin gwamnati, da boko da ajami, ka aiko mana ta hannun dagaci. Na yi maka alkawari ni zan nemi izinin liman in miƙe in karanta ta bayan sallar Juma'a, kuma yaron nan ɗan acaɓa zan fara miƙa wa, don har yau bai sami amsar tambayarsa ba.

Allah ya taimake ka, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Tsohon malamin makaranta kuma manomin rake,
Nasarawan Doya, Ƙaramar Hukumar Makarfi.