Ɓoyon da Ake Sayarwa

Daga 1920 zuwa 1933, dokar Amurka ta haramta yin barasa da sayar da ita. Sai gidajen giya suka koma ƙarƙashin ƙasa da bayan shaguna, inda sau da yawa ba a buɗe wa baƙo ƙofa sai ya faɗi kalmar sirri. Ana kiransu "speakeasy", saboda maganarsu ƙasa-ƙasa ake yi don gudun 'yan sanda.

Dokar ta daɗe da mutuwa, amma ɓoyon ya zama haja. A New York akwai gidan giya mai suna PDT, wanda ake shiga ta rumfar wayar tarho da ke cikin wani shagon abinci. 'Yan yawon buɗe ido kan ɗauki hoton rumfar su baza a Instagram.

Sirrin da ake yi wa talla ba sirri ba ne. Mashayan wancan zamani sun yi fama da kame da gurɓatacciyar barasa mai makantarwa, kuɗinsu kuma ya azurta irin su Al Capone a Chicago. Matafiyin yau ba tarihin nan yake ziyarta ba. Kuɗin kallon wasan kwaikwayo yake biya.