TAUYE MUDU A AUDUGAR MATA

Jama'a, na san akwai waɗanda za su ɗaure fuska da ganin kan wannan magana, su ce me ya kawo zancen ƙunzugu cikin mujallar ɗalibai. To, sai su yi haƙuri. Abin da budurwa da matar aure a Kankiya da Kusada ke nema wata-wata, su kuma biya da kuɗinsu, ya wuce a ce kunya ta hana a tattauna shi. Kunyar nan kuwa ita ce rumfar da masu ha'inci suka samu suka fake, domin sun tabbata wadda suka cuta ba za ta fito tsakiyar kasuwa ta yi kururuwa ba.

Bari mu fara da sanin abin da muke saye. Ko da yake muna kiranta audugar mata, yawancin wadda ke kantunanmu ba ta da auduga ko ƙwaya. Hawa uku gare ta. A ƙasa akwai leda mai hana yoyo. A tsakiya akwai ɓargon itace da aka farfasa ya yi laushi, wani lokaci haɗe da wani gari mai shanye ruwa ya daskare. A sama kuma akwai wani siririn mayafi na zaren roba, wanda ba saƙa shi aka yi ba, manne zaren aka yi da zafi. Wannan mayafi shi ne ke taɓa fata, aikinsa kuwa shi ne ya bar jini ya wuce ciki, ya hana shi dawowa. Haka ma abin yake ga famfas ɗin jarirai.

Da giram ake auna kaurin mayafin nan a kan kowace murabba'in mita, kuma abin da ke kan auduga guda bai kai giram 1 ba. Amma ga kamfanin da ke buga miliyoyi, in ya rage daga giram 20 zuwa 15, ya tsira da rubu'in kayan da yake saye. Saboda haka ne masana'antu a duniya suke ta tseren rage shi, ni kuwa ban ga laifin wannan ba. Sai dai ragi iri biyu ne. Akwai ragin gwaninta, wato a ƙara wa zaren sirantaka don ya yi laushi, a huda ƙananan ƙofofi don jini ya wuce da sauri, a yi wa fuskar tudu da kwari don kada duka ta manne wa jiki. Akwai kuma ragin tauye mudu, wato a zare kaya kawai, a bar mayafi mai kaushi kamar buhu, a lulluɓe aibin da turare da kwali mai ƙyalli.

Ni 'yar Kusada ce, na kuma san irin wadda ake kai mana ƙauye. Yarinyar da za ta tako zuwa makaranta cikin zafin bazara, ta zauna a benci tun safe har azahar, ita ce ke biyan kuɗin wannan ragi da fatarta: gumi, ƙaiƙayi, saɓar cinya, da fargabar tashi tsaye a gaban aji. In ta gaji sai ta koma wa tsumma, ko ta yi zamanta a gida har kwanakin su wuce. Jiki magayi, amma wa zai tambaye shi?

Za a ce mini araha ba ta ado, kuma da babu gara ba daɗi. To, ina arahar? A shekarar 2020 aka fara aiki da dokar kuɗi wadda ta cire harajin kayan masarufi daga audugar mata da aka yi a cikin gida Nijeriya. Duk da haka, da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A watan Disamba na shekarar, kamfanin Procter & Gamble mai yin Always da Pampers ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a ƙasar nan, ya koma shigo da su daga waje. A 2024 kuma Kimberly-Clark mai yin Kotex da Huggies ya ce zai rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Dalili a fili yake: muddin da dala ake sayo kayan haɗi, kowane tari Naira ta yi, sai ya fito a aljihun mace. An rage mana kaya, ba a rage mana kuɗi ba.

Abin takaicin shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Robar da ake yin mayafin sama da ledar ƙasa daga man fetur da iskar gas take fitowa, kuma masana'antar Indorama da ke Eleme ta daɗe tana yin ta, matatar Ɗangote ma ta fara yin irin ta mayafin a 2025. Abin da ake cusawa a tsakiya kuwa, me ya sa sai ɓargon itacen Amurka? Jihar Katsina ƙasar auduga ce, Funtuwa da Malumfashi da Bakori shaida ne. Gaskiya ne ɗanyar auduga ba ta shan ruwa sai an dafa ta an cire maiƙonta, kuma in aka sa ta a sama takan riƙe danshi a jikin fata. Amma a tsakiya fa? Wannan ai aikin masana kimiyya ne, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru wadda ta shekara da shekaru tana aiki a kan auduga. A Indiya, wani mutum mai suna Arunachalam Muruganantham, wanda ko sakandare bai gama ba, ya ƙera ƙaramin injin da matan ƙauye ke yin audugar mata da shi su sayar da araha. Mu da muke da jami'o'i, mene ne uzurinmu?

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Na farko, hukumomin NAFDAC da SON su tilasta wa kowane kamfani ya rubuta a jikin kwali abin da ya yi mayafin sama da shi da kuma nauyinsa, cikin Hausa, yadda mai saye za ta gane. Na biyu, su riƙa ɗaukar samfuri daga kantunan Kankiya da Kusada suna gwadawa, domin can ne ake juye abin da birni ya ƙi. Na uku, ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya su shiga makarantun 'yan mata su koya musu bambance mai kyau da marar kyau. Na huɗu, gwamnatin jiha ta tallafa wa duk wanda zai kafa ƙaramar masana'anta da audugarmu, bisa sharaɗin abin da aka rage na kuɗin kaya ya bayyana a farashi.

'Yan'uwa maza da malamanmu, kada ku ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne ku kau da kai. Kuɗin cefanenku ne ake kwasa, 'ya'yanku da ƙannenku ne ke fashin karatu. Da ɗan kasuwa zai tauye muku mudun gero a Kankiya, da kafin la'asar Sarkin Kasuwa ya ji labari. To, wannan ma mudu ne, sai a kai ƙara. Allah ya sa mu gane, amin.