Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Tsangaya A Kan Sha'anin Titibiri

 

Bayan gaisuwa irin ta almajiri ga shehunnansa, ina neman izini in yi magana a kan titibiri, wato yaron nan da ya wuce ƙolo bai kai gardi ba, wanda a ganina shi ya fi kowa maraici a tsangaya. Magabatanmu da suka ware masa suna nasa na kansa sun lura ne cewa yaron da aka damƙa muku yana ɗan shekara bakwai, yana rera Fatiha da siririyar murya, wani mutum ne daban yake zama bayan shekara shida ko bakwai, yayin da muryarsa ta yi kauri, wandonsa ya ɗage, zuciyarsa kuma ta cika da al'amuran da shi kansa bai san sunayensu ba.

Kun fi ni sanin abin da malaman Malikiyya suka ƙididdige na alamomin balaga, kamar mafarki da tsirowar gashin mara, ko cikar shekara 18 ga wanda alama ba ta bayyana gare shi ba. Sai dai ina tunatar da ku aya ta shida a Suratun Nisa'i, inda Ubangiji bai wadatu da balagar maraya kaɗai ba wajen miƙa masa dukiyarsa, har sai an jarraba shi an ga rushdi, domin jiki yakan riga hankali isa. Likitocin wannan zamani ma sun tarar da haka, cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna aƙibar al'amari yana danne fushi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali kuwa sha'awa da zafin rai da son yabon tsara sun daɗe da tasowa. Saboda haka idan titibiri ya yi muku tsaurin ido da hantsi, sa'an nan da la'asar aka same shi bayan zaure yana hawaye, kada a ce shaiɗan ya shige shi.

Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya keɓe fasali a littafinsa Muƙaddima yana bayyana cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannu. Ni shaida ne. Ina da wajen shekara 14 aka kwantar da ni da wani abokina gaban ƙananan yara saboda tilawa ta kufce mana, kuma wallahi zafin dorina ya gushe kafin magariba, amma dariyar yaran nan da muke biya wa karatu tana kunnena har yau. Abokin nawa, wanda ya fi ni kaifin hadda nesa ba kusa ba, bai kwana uku ba ya bar allonsa jingine ya shiga tasha. Da an kira shi zaure an yi masa faɗan a asirce, ina kyautata zaton da yanzu ana ce masa gwani, domin abin da titibiri ya fi tsoro a duniya shi ne zubewar mutuncinsa a idon tsaransa da ƙannensa.

Haka nan kada ku bari kunya ta hana ku karantar da shi babin wanka na littafin Ahalari tun kafin bukata ta same shi, ku kaɗai da shi ko da 'yan tsararsa. In kun yi shiru, zai farka wata rana cikin firgici yana zaton cuta ce ko zunubi, ya je ya tambayi wanda bai fi shi sani ba. Ku kuma san wa yake bi ranar Alhamis idan an tashi hutu.

Game da ɗora shi a kan ƙanana, ku ba shi biyawa da duba alluna da rabon tuwo, amma ku riƙe bulala a hannunku, gama wanda aka daka jiya in ya sami dorina yau ramuwa zai yi. Amana kuwa tana gina shi ƙwarai. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shugabantar da Usamatu ɗan Zaidu a kan rundunar da ke da manyan sahabbai alhali yana saurayi, Anas ɗan Malik kuma ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma tun yana yaro, ya ba da labarin cewa bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga bakinsa ba.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Idan an tashi karatun dare, wutar kara ta fara lafawa, malam ya kira titibiri ɗaya da sunansa na yanka, ya zaunar da shi kusa da buzu, ya tambaye shi yaushe rabonsa da jin labarin mahaifiyarsa, sa'an nan ya yi shiru ya saurara.

Wassalamu alaikum.

Almajirinku.