Hannu Nawa Ne Ke Renon Ɗanki?

A Kano da Kaduna da Abuja, da wuya ka ratsa unguwar ma'aikata ba ka ga allon gidan reno ba. Dalilin a fili yake. Dokar ƙwadago ta Najeriya hutun mako 12 ta ba mai haihuwa, shida kafin ta sauka, shida bayan nan. Ke nan wata tana gama arba'in sai komawa bakin aiki, jariri ko wuyansa bai tsaya ba. A da babban gida ne ke ɗauke wannan nauyi: ga kaka, ga gwaggo, ga 'yan mata masu rububin goyo. Yau ma'aurata na zaune a gidan haya, dangi na can gari. Saboda haka ba na ganin laifin uwar da ta kai ɗanta reno. Abin da ya dame ni shi ne wace ce ke riƙe da shi daga safe zuwa la'asar, kuma yara nawa ne a hannunta.

Likitocin yara na yawan maganar kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa. Abinci da barci kaɗai ba sa yin wannan gini, sai da hira. Ɗan wata biyar ya yi gwaranci, mai reno ta leƙa fuskarsa ta ce, "Na'am Alhaji, me ka ce?" Ya washe baki, ya harba ƙafafu, ya sake wani. Ta sake amsawa. A nan yake koyon cewa magana karɓa-karɓa ce, kuma idan ya kira akwai mai zuwa. Kakanninmu da ke yi wa jariri tawai da waƙar lallashi aikin da suke yi ke nan, ko da ba su ba shi suna ba.

Duniya ta ga abin da rashin wannan ke jawowa. Bayan faɗuwar gwamnatin kwaminis ta Romaniya a 1989, an buɗe gidajen marayun ƙasar, aka tarar da dubban yara kwance a gadaje, ma'aikaciya ɗaya na fama da tarin jarirai, babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana. Da yawa sun taso da naƙasu a magana da fahimta da mu'amala. Binciken da aka yi daga baya a Bukares, babban birnin ƙasar, ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi saura farfaɗowa.

Gidajen renonmu ba su kai nan ba, amma darasin ɗaya ne. A Ingila ƙa'ida ta ce babba ɗaya kada ya wuce yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu. A nan za ka iya shiga ɗaki ka ga mace ɗaya da jarirai takwas ko goma. Wannan na kuka, wancan ya ɓata kunzugu, na uku an tokare masa fida da filo yana sha shi kaɗai, abin da kan sa yaro ya shaƙe. Sauran an jera su gaban talabijin, alhali tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba shi da buƙatar kallo ko kaɗan. Abin da ta ce a yi masa shi ne a kifa shi a kan cikinsa yana farke, kamar minti 30 a rarrabe cikin yini, don wuya da baya su yi ƙwari. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da shi. Ita kuma wadda za ta ɗura wa ɗan mutane maganin mura don ya yi barci ta samu sararawa, ta ci amana, kuma sai Allah Ya tambaye ta.

Sai dai mu iyaye ma da namu. Mukan yi ciniki a kan kuɗin reno har sai mai gidan ta rasa yadda za ta ƙara ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Wa ya taɓa tambayar ko mai goyon ɗansa tana samun haka? In ladan bai isa ba, bayan 'yan watanni ta bar aikin, jariri ya koma hannun baƙuwar fuska. Araha ba ta ado.

Kafin ki miƙa ɗanki, kada fenti da kayan wasa su ɗauke miki hankali. Ki je ba sanarwa, da tsakar rana. Ki ƙirga jarirai, ki ƙirga manya. Ki ga ko ana wanke hannu bayan sauya kunzugu, ina ake ajiye nonon da uwa ta tatsa in an ɗauke wuta, ko ana kiran kowane yaro da sunansa. Maigida, da kai za a je, domin ɗan naka ne.

Hukumomi kuma su duba abin da Jihar Kaduna ta yi a 2019, da ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta wata shida, daidai da lokacin da likitoci suka ce a ba jariri nono zalla. Jihohin da ba su yi haka ba su bi sahu, manyan ma'aikatu su ware ɗakin reno kusa da iyaye mata, a kuma sa doka a kan yawan jariran da mai reno ɗaya za ta riƙe. Jariri ba ya iya kai ƙara, mu ne bakinsa.